Takalman Da Suka Riga Mu Komawa Wudil

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Wudil ya san Labaran, in bai gan shi ba ma ya ji muryarsa. Shekara da shekaru yana kwandasta a layin Wudil zuwa Kano, rabin jikinsa a mota rabi a waje, har gwiwa ta hana shi rataya a ƙofa. Daga nan ya sauka, ya kama benci a gefen rumfata, ya koma ba da labarin Kano ga mutanen da kullum sai sun je Kano sun dawo. Ni ne Halliru mai faci, rumfar tawa ce, saboda haka duk abin da zan faɗa kunnena ne ya fara sha, daga baya ƙafata ta ɗora.

A bakin Labaran babu lungun da bai sani ba a birni. Limamai da suna suke kiran sa. Fastocin Sabon Gari in suka hango shi sai sun tsayar da shi ya sha lemo. Ya ce ko ido rufe aka ajiye shi a Ƙofar Mata, da ƙamshi kaɗai zai kai kansa kasuwar Kurmi. Mu dai mun san iyakarsa tashar Unguwa Uku, in an samu shatar kaya ya leƙa cikin gari ta taga. Amma ba ma musu da shi, don wanda ya yi musu da Labaran aikinsa na ranar ya tashi.

Abu ɗaya ne ya gagari bakinsa, wato Hansai mai kifi. Bazawara ce, tana suya a bakin gada, mace mai nutsuwa wadda ba ta dariya sai ta ga abin dariya. Labaran ya daɗe yana neman aurenta, kuma wannan kam ba cika baki ba ne, da gaske yake son ta. In ya tsaya a gabanta har muryarsa raguwa take yi. Ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wata rana a gabana ta ce masa:

"Malam Labaran, ka ce za ka yi wa rumfata rufin kwano. Ka ce za ka kai Inna asibiti a motar abokinka. Ka ce za ka haɗa ni da mai otal a Kano. Ni ba na raina mutum. Abu ɗaya kawai nake so in ga ka faɗa ka kuma cika, sai ka turo manyanka wurin Kawu."

"Ɗaya kawai?" in ji Labaran. "Ai kin rage mini aiki."

Ba a yi sati ba sai ga Malam Saifuddeen, wani malamin jami'ar garinmu, ya kawo taya faci. Mutumin Mubi ne, darasin zaman lafiya yake koyarwa, bai kuma san birnin Kano sosai ba. Ina cikin duba tayar ya ce yana so ya ɗauki ɗalibansa kaɗan ranar Asabar su zaga wuraren ibada na birni a ƙasa: babban masallacin cikin gari, da dutsen Dala inda mutanen da suka yi bautarsu kafin zuwan Musulunci, da wata coci a Sabon Gari. A ƙasa yake so a yi, don yara su ji a jikinsu cewa maƙwabcin da suke jin labarinsa bai da nisa. Ya tambaye ni ko na san wanda zai yi musu jagora. Kafin in buɗe baki Labaran ya riga ya miƙe.

"Malam, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni ne."

"Ka san wuraren?"

"Su ne suka san ni."

"Tsakaninsu akwai nisa?"

"Nisa? Nan da can ne. Kafin kwandasta ya gama karɓar kuɗin mota an iso."

Na yi tari. Malam bai gane ba, ya ce mini sannu.

Da yamma Labaran ya je bakin gada ya sanar cewa jami'a ta nemo shi. Hansai ta juya kifinta a mai, ta ce:

"To ga abu ɗayan ya samu. Zan bi ku, dama ban taɓa hawa Dala ba. Ka kai mu ka dawo da mu yadda ka ɗauke mu, ranar Lahadi ka turo manya."

Ni ma na ce zan rufe rumfa in bi su, don irin wannan tafiya ba a jin labarinta a bakin wani.

Ranar Asabar da sassafe Labaran ya iso tasha cikin babbar riga fara wadda ya aro wurin Alhaji Isyaku dillalin shanu. Alhaji Isyaku dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Labaran kuwa gajere ne. Rigar ta rufe shi har ƙasa ta yi saura, tana jan ƙasa a bayansa, ba ka ganin ko yatsansa. Direbobi suka tambaye shi ko aikin sharar titi ya samu a Kano. Ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Ɗalibai suka zo, cikinsu har da wani Istifanus, Kirista ɗan Zonkwa, da wata Safiya mai yawan tambaya. Hansai ta zo da kifi a leda na guzuri, da sabon takalmi mai ɗan tsini wanda saboda wannan tafiya ta saya.

Muka sauka kusa da babban masallaci hantsi bai gama ɗagawa ba. Lokacin bazara ne, amma rana ba ta fara nuna halinta ba tukuna. A bakin ƙofa Labaran ya zaro wani buhu daga cikin riga ya kakkaɓe.

"Kowa ya kawo takalminsa. Birni ne nan, ba ƙauyen Achika ba. Ni zan tsaya gadi."

"Ba za ka shiga ka gaisa da liman ba?" in ji Malam Saifuddeen.

"In na shiga ba zai bar ni in fito da wuri ba. Ku je kawai."

Muka zuba takalma a buhu muka shiga. Wani dattijo mai kula da wurin ya karɓe mu, ya zaga da mu haraba, ya nuna mana hasumiya da inda mata suke tsayawa. Da aka gaya masa Istifanus Kirista ne, sai ya ƙara matsowa kusa da shi, ya riƙa yi masa bayani a hankali kamar shi kaɗai ya zo. Wurin da sanyi da shiru, har na ji a raina wataƙila yau Labaran zai ba mu kunya ya yi abin kirki.

Abin da ya faru a waje daga baya muka ji shi a bakin Ɗanlami direba, tsohon ogan Labaran. Ɗanlami ya kawo shatar buhunan albasa kasuwa, ya sauke, ya tsaya a gefen titi yana shan kunu a cikin mota, injin a kunne. Labaran ya hango shi, ya ja riga da buhu ya nufe shi don a ga yadda Allah ya ɗaga shi. To kwandasta ba ya iya ganin kaya a ƙasa ga mota da fili. Hannunsa da kansa ya buɗe but, ya jefa buhun, ya rufe, sannan ya jingina da motar ya shiga labari. Yana ba da labarin yadda wani Farfesa ya riƙe masa hannu yana roƙon sa, da ya zo wurin da labarin ya yi daɗi sai ya daki jikin motar sau biyu. Duk direban da ya yi aiki da kwandasta ya san ma'anar wannan bugu. Ɗanlami ya ce shi bai ma yi tunani ba, ƙafarsa ce ta taka. Labaran kuma, maimakon ya yi ihu a tsaya, sai bakinsa ya ce, "Mu je, Oga!" Ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta sha kwana, sannan ya tuna.

Da muka fito muka same shi tsaye hannu a baya, yana kallon sama kamar mai duban wata.

"Ina buhu?" in ji Malam.

"Na tura shi gaba."

"Gaba ina?"

"Dala. Malam, ai ba a hawa Dala da takalmi. Ba a ma nufar ta da takalmi. Tun zamanin Barbushe haka ake yi."

"Ban taɓa karanta wannan ba."

"Ba a rubuta shi ba. Abin da aka rubuta ai na kowa da kowa ne."

Safiya ta nuna wani mai tallan silifas a tsallaken titi ta ce a saya kawai. Labaran ya dube ta da tausayi.

"Ki saya ki ɓata wa kowa ziyara? 'Yata, nan da can ne fa."

Muka kama hanya. A nan ne muka gane irin sanin da Labaran ya yi wa Kano. Ya san ta, amma daga ƙofar mota. Duk inda babu kwalta, a wurinsa babu gari. Muka zo wani lungu mai inuwa wanda ga Dala can ana hango ta a ƙarshensa, ya wuce shi ko waiwaye babu.

"Malam Labaran, ga hanya nan," in ji Istifanus.

"Mota ba ta bi nan."

"Ai ba a mota muke ba."

"Shi ya sa nake kula da ku."

Muka bi titi, muka zagaya shataletale yadda mota take zagayawa, don ya ce ba a yanke. Duk mahaɗar da muka zo sai ya waiwayo ya ce, "Akwai mai sauka?" sannan ya gyara murya ya ce yana nufin mai tambaya. Ya riƙa gaisawa da mutane don mu ga an san shi. Ya tsaya gaban wani mai shagon atamfa ya ce, "Alhaji, ya iyali? Ya jikin Hajiya?" Mutumin ya amsa da lafiya lau, sannan ya ce, "Wa ke nan?" Labaran ya yi dariya ya ce mana haka yake, akwai shi da barkwanci.

Mutanen birni kuwa ba su bar mu mun wuce haka ba. Ka ga ayarin mutane da tufafi masu kyau, har da mai tabarau da jakar kwamfuta, amma ƙafa a ƙasa. Wani mai nama ya tambaya ko gobara aka yi. Wata tsohuwa ta ce ko sabuwar ɗariƙa ce, in ta yi kyau ita ma a rubuta ta. Wani mai adaidaita sahu ya biyo mu a hankali yana cewa ko kyauta ne zai kai matan. Labaran ya kore shi.

"Binciken jami'a ne. Kada ka sa baki a abin da ya fi ƙarfinka."

Kafin mu kai gindin Dala rana ta tsaya sosai. Matakalar siminti ce, ta sha rana tun safe. Na taɓa taka tayar da aka cire daga kan wuta, to wannan ta fi. Ɗalibai suka riƙa hawa da tsalle-tsalle, Malam Saifuddeen yana ambaton Allah a kowane taki. Labaran kaɗai yake tafiya a tsanake, rigarsa tana shara a bayansa, yana ce mana mu yi haƙuri, rashin sabo ne.

A can sama kuwa, gaskiya, abin kallo ne. Birni gaba ɗaya ya kwanta a gabanmu, rufin kwano iya ganinka, hasumiyoyi ko ta ina, har da korayen ƙubbobin masallacin da muka baro. Malam ya tara ɗalibai ya ce a nan, kamar yadda ake ba da tarihi, mutanen farko suke taruwa wurin bautar Tsumburbura. Ya nuna inda Sabon Gari take, ya ce ku duba, daga nan duka a ido ɗaya suke. Istifanus yana sauraro tsaye da ƙafa ɗaya kamar zakara, in ta gaji ya canza. Labaran ya ƙara da cewa Barbushe kakan mahaifiyarsa ne ta wajen uwa.

Safiya ta nuna wasu mutane da ke shan iska a gefe.

"Waɗancan fa? Ga su da takalmansu."

"'Yan gari ne. Su an yafe musu."

Ana haka wayar Hansai ta yi ƙara. Ta ɗan matsa gefe ta saurara, ba ta ce komai ba sai "To. To. A ajiye su." Ta mayar da wayar jaka, ta zo ta tsaya gaban Labaran.

"Malam Labaran, babu abin da kake so ka gaya mana?"

"Akwai," in ji shi. "Ku dubi can. Da ba don hazo ba da kun ga gadar Wudil."

"Ina buhu?" in ji Malam.

"Mutumina ya ga mun daɗe, ya wuce da shi Sabon Gari. Dama can ma ba a shiga coci da takalmi."

"Mu da takalmi muke shiga," in ji Istifanus.

"Ta Zonkwa ke nan. Ta Kano daban ce."

Da muka sauko, haƙurin Malam Saifuddeen ya ƙare. Ya tsayar da mai silifas na farko da ya gani, ya ce al'ada ta yi haƙuri, kowa ya zaɓa. Ni na samu wanda dugadugina yake leƙowa ta baya, amma na gode Allah. Malam ya miƙa wa Labaran guda.

"Ni? Tafin ƙafata ya fi tayar Halliru kauri. A ba mabuƙata."

Aka miƙa wa Hansai, ita ma ta girgiza kai.

"Da takalmina na zo, da shi zan koma. Madugu ya ce suna gaba. In shi zai iya tafiya haka, ni ma zan iya."

Na ce mata, "Hansai, kada ki biye wa Labaran."

Ta ce, "Bar ni, Malam Halliru. Akwai abin da nake jira."

Tafiyar Dala zuwa Sabon Gari ita ce wadda ba na son tunawa. Kwalta ta yi laushi, in ka taka sai ta riƙe silifas. Hansai tana tafe a gefen Labaran, tana neman inuwar shaguna da gefen kwata, leɓenta a cije. Sau biyu ta tsaya ta ɗaga ƙafa ta cire wani abu ta jefar. Abin ya dame ni ƙwarai, har na ji haushin kaina da na zo kallo. Labaran kuwa yana ta ba ta ƙwarin gwiwa.

"Kin ga ni? Ko a jikina. Ki riƙa taka ƙasa da niyya."

"Ina ji," in ji Hansai.

Da muka shiga Sabon Gari sai ga coci ko ta ina, amma Labaran ya ce ba kowace ake shiga ba, ta abokinsa za mu. Muka bi wannan layi muka dawo ta wancan, muka wuce wani mai gasa masara har ya fara yi mana sannu da dawowa. Can Labaran ya ji kiɗa da waƙa suna tashi daga wani gini, ya ce alhamdu lillahi, ga ta. Ya sa mu jera a bakin ƙofa, ya gyara hula, ya yi sallama da ƙarfi. Wani ƙato da singileti ya fito.

"A gaya wa Fasto Labaran na Wudil ya iso da baƙi."

"Wane Fasto? Nan sifika muke sayarwa. Gwaji muke yi."

Labaran ya juyo ya ce mana sun tashi ke nan, ba su sanar da shi ba, kuma zai yi musu magana.

Istifanus ne ya tare wata mata mai ɗaure da zanen zumuntar matan coci, ya gaishe ta, ya yi mata bayani. Ta dube mu, ta dubi ƙafar Hansai, ta ce mu biyo ta. Cocinsu a bayan layin take, ta masu wa'azi da Hausa. Mata suna zaune a ƙarƙashin bishiya a haraba suna koyon waƙar gobe, da tulu da kacau-kacau. Aka kira mana Faston, wani dattijo mai furfura da ake ce wa Baba Yohanna. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, da gida, da mutanen Wudil, da ruwan kogi. Labaran ya kutsa gaba.

"Fasto, ka gane ni?"

"Ban gane ka ba, ɗana, amma sannu da zuwa."

"Tsufa ne," in ji Labaran a kunnen Malam.

Malam Saifuddeen ya faɗi abin da ya kawo mu. Baba Yohanna ya ji daɗi sosai, ya ce a shigo da mu mu ga ciki. Sai idonsa ya sauka a kan ƙafar Hansai, ta kumbura, ta yi bororo, wani wurin har ya fashe. Ya dubi namu, su ma ba su da kyan gani. Ya tambaya me ya faru, aka ce masa daga cikin gari muke a ƙasa, kuma madugu da wannan baiwar Allah ko silifas ba su sa ba. Sai ya ce:

"Kallo ya jira. A wurinmu baƙon da ya sha tafiya irin wannan, ƙafa ake fara wanke masa. Mata su kula da mata. Maza ku zauna nan, ni zan yi da hannuna. A fara da madugu, shi ya fi shan wuya."

Aka kawo robobi da ruwan sanyi da man shafawa. Labaran ya ja da baya.

"A'a, Fasto, a bar shi. Ina da alwala."

"Ruwa ba ya karya alwala," in ji Malam Saifuddeen.

"A fara da yara."

"Babba ake fara wa," in ji Baba Yohanna. "Zauna, ɗana. Kada ka ji kunya."

Ni da Istifanus muka taimaka masa ya zauna, wataƙila da ɗan ƙarfi. Dattijon ya durƙusa da ƙyar, ya jawo roba, ya kama bakin babbar rigar Alhaji Isyaku ya ɗaga. Sai ga takalmi sau-ciki, baƙi, mai kaurin ƙasa, har da safa.

Mai buga tulu ta tsaya. Masu waƙa suka tsaya. Baba Yohanna ya daɗe yana kallon takalmin, sannan ya sauke rigar a hankali ya rufe shi kamar yadda ya same shi.

"Wannan ƙafar ba ta buƙatar ruwa," in ji shi. "Na gaba."

"Na likita ne," in ji Labaran. "Saboda gwiwa. Ba a lissafa shi a takalmi."

Daga can ƙarƙashin bishiya, ƙafafunta cikin roba, wata mata tana zuba mata ruwa, Hansai ta ce:

"Malam Labaran, miƙo su."

Ya dubi matan zumunta sun zuba masa ido su wajen ashirin. Ya cire, har da safar, aka kai mata. Da aka shafa mata mai aka naɗe ƙafar da tsumma mai tsabta, takalmin ya zauna mata daidai.

Mun shiga cocin, mun cire huluna kamar yadda aka roƙe mu, mun ga bencina da mumbari da allon lambobin waƙa. Safiya ta yi tambayoyinta har ta gaji, Baba Yohanna bai gaji ba. Hansai ta buɗe ledar kifi aka ci tare da matan, har suka karɓi lambarta. Malam ya ce tafiyar ƙasa ta ƙare a nan, a nemo adaidaita sahu zuwa tasha. Daga ƙofar coci zuwa bakin titi ba nisa, amma a wannan ɗan tsakanin Labaran ya yi rawar da ban taɓa sanin gwiwarsa za ta iya ba.

Bayan la'asar muka sauka a tashar Wudil. Tun daga nesa na ga taro a gaban rumfata, na ɗauka wani abu ya faru. Ashe takalmanmu ne. Ɗanlami ya tarar da buhu a but, ya zazzage, aka jera su ƙafa bibbiyu a kan bencin Labaran. Ƙanwar Hansai da ke tsaron rumfar kifi ta gane sabon takalmin yayarta, ita ce ta kira ta muna kan Dala. Tun azahar Ɗanlami yake ba da labarin bugu biyu, duk motar da ta shigo sai an sake daga farko. Direbobi, masu rake, masu shayi, har Alhaji Isyaku ya zo karɓar rigarsa, wadda bakinta ya koma kalar kwalta.

Labaran ya sauko daga mota a hankali, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ya dubi taron, ya dubi bencin, ya gyara hula.

"To, jama'a ku shaida. Akwai wanda nasa ya ɓata? Babu. Ku nuna mini madugun da yake kai kaya gida kafin masu kaya su iso."

Wani direba ya daki jikin motarsa sau biyu, tasha ta ɗauka da dariya. Labaran bai kula ba. Ya juya wurin Hansai, kuma a nan muryarsa ta ragu kamar yadda ta saba.

"Hansai, na kai ku, na dawo da ku. Gobe Lahadi."

Hansai ta ɗauki takalminta a kan benci, ta hure ƙurar albasa, ta sa a jaka. Ba ta ɗaga murya ba, amma tasha ta yi tsit.

"Malam Labaran, maganar buhu kuskure ne, kowa yana yi. Tun muna Dala na san inda yake, na tambaye ka don ka faɗa da bakinka, ka nuna mini gadar Wudil. Wannan ma da zan iya yafewa. Amma tun a matakalar Dala nake jin ƙarar takalminka a ƙarƙashin riga. Na bi ka har Sabon Gari ina jira ka cire ka ce, Hansai, ungo. Da ka yi haka, ko a ƙofar mai sifika ne, da gobe Kawu ya shimfiɗa wa manyanka tabarma."

Labaran ya buɗe baki. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya buɗe baki babu abin da ya fito ba sai ranar. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, don na san a duk abin da ya taɓa faɗa a kan bencin nan, son Hansai ne kaɗai gaskiya. Ita kuwa ta yi wa Malam Saifuddeen sallama, ta juya ta nufi bakin gada a cikin takalmin Labaran.

Ba ta dawo masa da su ba. Teburin kifinta dama yana da gajeriyar ƙafa, sai ta tokare ta da guda, ɗayan kuma da shi take danne leda kada iska ta kwashe. Labaran ya kwana biyu bai fito ba. A rana ta uku ya dawo benci da silifas ɗin da na ba shi aro, ya zauna, ya daɗe yana kallon bakin gada.

"Halliru," in ji shi, "ka lura har yanzu ba ta yar da su ba? Mace ba ta ajiye takalmin namiji a banza."

Na ce masa ya ɗaga ƙafa, ya taka mini tiyon iska.